Rap ba ta mutu ba, bakinta ne ya yi nauyi a Zamfara

1/ Duk bayan 'yan watanni sai an tayar da wannan gardama: wai hip hop ta mutu, wai yanzu zamanin Afrobeats ne da amapiano da waƙoƙin soyayya. Ni ɗan Gummi ne, ina da dangi a Anka da Bukkuyum, kuma tun ina sakandare nake jin rap. Ina da abin cewa. Zaren yana da tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare.

2/ Ga matsayata tun yanzu, don kada wani ya karanta rabi ya fara zagi. Kiɗan bai mutu ba, riga yake sauyawa, kuma haka ya saba. Abin da ke jinya shi ne maganar da ke cikin kiɗan. A yankinmu kuwa jinyar ta fi tsanani, domin mu ne muke da labari mafi nauyi, kuma mu ne muka fi kowa yin shiru a waƙa.

3/ Mu fara da sanarwar mutuwar. Ba yau aka fara ba. A 2006 Nas ya fitar da kundi sukutum mai suna Hip Hop Is Dead. A 2017 M.I Abaga ya saki You Rappers Should Fix Up Your Lives, yana faɗa wa 'yan rap na Najeriya cewa sun yi sake. A ƙarshen 2022 Wizkid ya ce rap ta mutu, aka kwana ana rigima a Twitter. Kusan kowace tsara sai ta yi wa rap sallar gawa.

4/ To me ya faru bayan Nas ya yi tasa sanarwar? A 2017 ƙididdigar Nielsen ta nuna hip hop da R&B sun wuce kiɗan rock a Amurka, sun zama abin da aka fi saurare. A 2018 Kendrick Lamar ya karɓi kyautar Pulitzer da kundin DAMN. A 2024 faɗansa da Drake ya hana duniya barci, har mu nan da ba mu san Compton ba muka rabu gida biyu a majalisa.

5/ Masu cewa ta mutu suna da hujja ɗaya mai ƙarfi, ba zan ɓoye ta ba. A watan Oktoban 2025 an wayi gari babu waƙar rap ko ɗaya a cikin 40 na sama a jadawalin Billboard Hot 100, karo na farko tun 1990. Gaskiya ne sauya ƙa'idar cire tsofaffin waƙoƙi ya taimaka, shi ya fitar da Luther ta Kendrick da SZA. Amma duk da haka alama ce: a can kasuwar ta yi sanyi.

6/ Sai dai ina da tambaya. Yaushe Billboard ta taɓa auna abin da ake ji a tashar Daki Takwas? Ma'auninmu daban ne. Shagon mai cajin waya ne, wanda za ka ba shi memori da ɗan canji ya cika maka waƙoƙi. Xender ce, daga wayar aboki zuwa taka. Lasifikar mai shayi ce da ta ɗan acaɓa. Waƙa za ta zagaye ƙaramar hukuma guda ba tare da wata kwamfuta a duniya ta ƙirga ta ba.

7/ Na ga haka da idona a watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Ba kira, ba intanet, an rufe kasuwannin mako. Amma waƙa ba ta tsaya ba. Duk wanda ya dawo daga Sakkwato ko Kebbi da sabon abu a waya, kafin magariba rabin unguwa sun samu. Kuma cikin abin da matasa ke turawa juna akwai DJ AB, akwai ClassiQ, akwai BOC Madaki.

8/ Don haka in batun masu saurare ne, rap ɗin Hausa tana nan da ranta. Ku tuna inda aka faro. Akwai lokacin da in ka ce kana rap da Hausa dariya za a yi maka, a ce wannan ya ga Tupac a kaset ya haukace. Su Billy-O da Ziriums a Kano sun sha wannan. A Nijar ma ƙungiyoyi irin su Kaidan Gaskiya sun daɗe suna yi da Hausa da Zabarmanci da Faransanci.

9/ Yau fa? ClassiQ daga Bauchi ya yi waƙa da M.I. DJ AB daga Kaduna ya yi da Mr Eazi. BOC Madaki ya yi aikin haɗin gwiwa da Odumodublvck. Morell ya fito daga Borno, Deezell yana yi daga ƙetare. Da So Samu Ne ta YNS ta shiga gidajen biki da a da ba sa yarda a kunna musu rap. Wannan ba hoton gawa ba ne.

10/ Abin da ya faru shi ne katangar da ke tsakanin rap da sauran waƙoƙi ta rushe. Ɗan rap yanzu yana rera amshi kamar ɗan nanaye. Mawaƙin soyayya yana saka baiti mai gudu a tsakiyar waƙarsa. Kiɗan amapiano ya shigo, ganga da kalangu sun shiga kwamfuta. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Wanda ke jiran rap ta tsaya yadda take a 2005 shi ne zai ce ta mutu.

11/ Kuma mu yarda, a kasuwar Arewa soyayya ce sarauniya. Jaruma ta Hamisu Breaker ta mamaye 2020. Warr da Chass na Ado Gwanja sun mamaye 2022. Ba ɗan rap da ya yi irin wannan kamun a gidajen aure. Amma rashin zama na ɗaya ba mutuwa ba ne. Dambe bai kai ƙwallo jama'a ba, har gobe ana cika fili in an buga kalangu.

12/ Yanzu bari in dawo gida, nan ne maganar take. Wata rana ina jin rap a tsakar gida, kawuna da ya haura saba'in ya tsaya ya kasa kunne. Ya ce, "Ɗan nan, mi kaka saurare haka?" Na ce, "Kawu, rap ce, waƙar zamani." Ya yi dariya ya ce, "Wagga ai gambara ta. Mun san ta tun ba a haihe ka ba."

13/ Kuma yana da gaskiya. 'Yan gambara suna yawo kasuwa-kasuwa da ganga, suna jero magana mai kari da sauri, ɗaya ya jefa ɗaya ya cafe, da barkwanci da baƙar magana. Kirarin ɗan dambe kafin ya shiga fili, ina bambancinsa da ɗan rap da ke cewa ba kamarsa? Zambo shi ne abin da Kendrick ya yi wa Drake. Habaici shi ne jifan da ba a kama suna. Duk muna da su da sunayensu.

14/ Tarihi ya ce an haifi hip hop ranar 11 ga Agusta 1973, a wani casu da DJ Kool Herc ya yi a unguwar Bronx ta New York. A wannan shekarar Musa Ɗanƙwairo na ƙasar Bakura da Maradun ya daɗe da zama gagarabadau. Narambaɗa ya riga ya yi Bakandamiya ya bar duniya. Ɗan Anace ya riga ya mayar da Shago sunan da ba ya mutuwa. Sa'idu Faru, Salihu Jankiɗi, Kassu Zurmi, duk wannan ƙasa ce ta Zamfara da Sakkwato.

15/ Ba ina cewa mu muka ƙirƙiri rap ba, kada a juya min magana. Rap ta baƙaƙen Amurka ce, daga wahalarsu ta fito. Abin da nake cewa shi ne, in akwai wurin da bai kamata sarrafa harshe a kan kiɗa ya zama baƙo ba, to nan ne. Jikan mutanen da suka yi wannan fasaha bai kamata ya zama ɗan kallo ba.

16/ To amma buɗe wayarka yanzu. Waƙoƙin rap nawa ne a ciki da aka yi da Zamfarci? Yaronmu in ya hau kiɗa sai ya ajiye "wanga" da "mi" da "tahi", ya ari bakin Kaduna ko na Kano, ya yayyafa Turancin da bai zauna masa ba. Yana jin kunyar harshen da Ɗanƙwairo ya shiga fadoji da shi. Olamide ya yi da Yarabanci, Phyno ya yi da Ibo, ba wanda ya nemi afuwa.

17/ Wannan ƙaramin ciwo ne. Babban shi ne abin da ake faɗa. Tun The Message ta 1982, aikin da ya bambanta rap shi ne ba da labarin unguwa yadda take, ba kwalliya. A Senegal 'yan rap na Keur Gui suna cikin waɗanda suka kafa Y'en a Marre a 2011. A Burkina Faso, Smockey da Balai Citoyen suna gaba a boren da ya kori Compaoré a 2014. Eedris Abdulkareem, tashin Kano, ya yi Jaga Jaga a 2004.

18/ Mu fa, wane labari ne ba mu da shi? A 2010 gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum. Bagega sai a 2013 aka fara kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa, bayan matasa sun yi ta ihun #SaveBagega a intanet. Yaran da suka tsira yau samari ne da 'yan mata, da wayoyi a hannunsu.

19/ A farkon Janairun 2022 an kai hari ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna suka ce sun kai wajen 200. A Agustan 2024 ambaliya ta cinye gidaje a Gummi. Ga harajin da ake biya kafin a yi noma, ga wanda ake biya kafin a girbe. Ga 'yan gudun hijira da suka cika garin Anka. Duk wannan, sannan waƙar da yaronmu ya ɗora jiya a TikTok tana maganar motar da bai taɓa shiga ba.

20/ Kafin ku ce na cika son zargi, ku ji wannan. Ina da ƙane, ɗan ƙanwar mahaifiyata, yana rap a waya da wata manhaja ta kyauta, yana shiga cikin bargo don ya kashe ƙarar janareto. Ya taɓa rubuta baitoci a kan daren da aka tashi ƙauyen kakarsa. Ya kira ni gefe ya kunna min. Wallahi ban iya cin abinci ba a daren. Ban taɓa jin abu irinsa da bakinmu ba.

21/ Bayan kwana biyu na ce ya turo min. Ya ce, "Yaya, na goge." Na ce don me? Ya ce, "Yaya, kai kana gari. Inna tana ƙauye. In ta yaɗu, wa ya san wayar wa za ta faɗa?" Ban ce masa komai ba, don ba ni da abin cewa. A wurin da ake tsoron infoma ko a majalisar shayi, baki shi ke yanka wuya ba karin magana ba ce kawai.

22/ Wannan shi ne dalili na farko: tsoro. Kuma ba na daji kaɗai ba. A Kano an ɗaure Adam A. Zango a 2007 kan kundin bidiyonsa Bahaushiya. A 2009 kotu ta haramta waƙoƙi 11, har da Girgiza Kai ta Ziriums. A 2016 an kori Rahama Sadau daga Kannywood saboda fitowa a bidiyon ClassiQ. A 2025 hukumar NBC ta hana gidajen rediyo saka Tell Your Papa ta Eedris. Yara suna gani, suna ɗaukar darasi.

23/ Dalili na biyu kuɗi ne. Waƙar da ta yaɗu ta Xender ba ta kawo wa mai ita ko sisi. Wasan dandali da ake samun kuɗi da shi yana son dare da hanya mai aminci, mu kuwa la'asar sakaliya direba ya fara duba agogo. Sutudiyo mai kyau sai ka je Gusau ko Sakkwato, ko ka wuce Kaduna da Kano. Wa ya rage mai biya a nan? Ɗan siyasa da angon biki. Ɗaya yabo yake so, ɗaya rawa.

24/ Dalili na uku gida ne. Zamfara ce jihar da ta fara ƙaddamar da shari'a a Oktoban 1999, kuma Gummi garin malamai ne, nan aka haifi Sheikh Abubakar Gumi. Yaron da ya ce zai yi waƙa sai ya fara da shawo kan mahaifinsa. Ni ban ga laifin iyaye ba in abin da suke gani a bidiyo shi ne hayaƙi da tsiraici. Amma baitin da ke kuka kan jinin bayin Allah, wane uba ne zai ce iskanci ne?

25/ Ga abin da ke ba ni tsoro: in masu gaskiya suka yi shiru, filin ba ya zama fanko. A ƙarshen 2021 waƙar yabon Bello Turji ta yi yawo a wayoyi, kowa ya san haka. 'Yan bindiga sun shiga TikTok suna nuna damin kuɗi. Wato su sun gane amfanin kiɗa da kyamara. Yaro ɗan shekara 12 a ƙauye yana jin kirarin mai bindiga, ba ya jin na manomin da ya ƙi barin gonarsa.

26/ Kuma kada mu yi wa da kwalliya. Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri da ɓarayi kiɗa, Gambo ma da waƙar ɓarayi aka san shi. Irin gardamar da ake yi kan rap ɗin 'yan daba a Amurka, kakanninmu sun yi ta a kan nasu makaɗan. Kiɗa wuƙa ce, tana yanka nama tana yanka mutum. Tambayar kullum ita ce a hannun wa take.

27/ To mene ne mafita? Ba zan ce wa yaro ya kama sunan ɗan bindiga ko na mai mulki ba alhali uwarsa na ƙauye, ni ina kwance a gari. Wannan ba jarumta ba ce, ganganci ne. Amma makaɗan fada sun rayu a gaban sarakuna masu iko, suka faɗi abin da suke so ta habaici, wanda aka yi dominsa ya gane, ba shi da abin kamawa. Wannan ilimi namu ne. A koma a saurare su kamar karatu.

28/ Kuma ba dole sai an zagi wani ba. Ba da labari kawai ya isa. Yadda uwa ke ɗaure kuɗin fansa a bakin zane. Yadda ake sayar da shanun huɗa. Yadda ɗalibi ke haddace lambar wayar babansa saboda hanya. Yadda ake dariya duk da haka, ake aure, ake cin tuwo a raba da baƙon da ya gudo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗan Legas ba zai rubuta mana wannan ba, ɗan Kaduna ma ba zai iya ba.

29/ 'Yan'uwa mata, da ku nake. Barmani Choge ta ɗauki ƙwarya ta faɗi abin da ke cikin gidajen aure har ta rasu a 2013, ba ta nemi izinin kowa ba. Rabin labarin yankinmu a bakin mata yake, su ne a layin asibiti, su ne a sansani. Ko ba za ki fito a bidiyo ba, rubutu ba ya buƙatar fuska.

30/ Mu masu saurare ma muna da namu. In yaron unguwarku ya saki waƙa mai ma'ana, kada ka tsaya a "Allah ya ƙara basira". Ka ji ta a Audiomack ko YouTube inda za a ƙirga masa. Ka tura wa mutum biyar. In kana da hali ka biya masa kuɗin sutudiyo sau ɗaya. Muna kashe fiye da haka a data muna gardamar Drake da Kendrick, mutanen da ba su san akwai Bukkuyum a duniya ba.

31/ Don haka in an sake tambayata ko hip hop tana mutuwa, amsata ita ce: a Amurka ta gaji, tana neman sabuwar hanya. A Legas ta narke cikin wasu kiɗe-kiɗe. A Kaduna da Bauchi da Kano tana girma. A Anka da Gummi da Bukkuyum kuwa ko fara magana ba ta yi ba tukuna. Abin da bai buɗe baki ba, ba a yi masa ta'aziyya.

32/ Ƙanen nan nawa bai daina rubutu ba. Yanzu yana jin Ɗanƙwairo da Narambaɗa fiye da ni, yana tsayar da waƙa yana tambayar tsofaffi ma'anar kalma. Ya ce yana koyon yadda ake faɗin abu ba tare da an faɗe shi ba. Allah ya tsare shi, ya tsare iyayenmu da ke ƙauyuka, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

33/ In ka san wani yaro ko yarinya daga yankin nan da ke rap da bakinmu na Zamfara, ajiye min waƙar a ƙasa, in mai ita ya yarda a yaɗa. Zan saurari kowace ɗaya, zan kuma tura wadda ta kama ni. Wanda bai yarda da ni ba shi ma ya zo da hujjarsa, amma ban da zagin iyaye.